Malama Reza da Ranar Faɗin Alheri

Yayata ba ta yabo. Tun ina ƙarami na san haka, kuma har yau da furfura ta cinye mini gemu ban ga alamar za ta sauya ba. Ni kafinta ne, kusan duk wani abin katako da ke gidanta hannuna ne ya yi shi, amma ban taɓa samun abin da ya wuce "to, ba laifi" daga bakinta ba. Ranar da na kai mata teburin cin abinci, wanda na yi kwana da kwanaki ina goge shi har mutum yana ganin fuskarsa a kai, ta zagaya shi, ta girgiza shi, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashinsa, sannan ta miƙe ta ce ƙafa ɗaya ta fi sauran duhu. Na ce mata ai itace ne, haka Allah ya halicce shi. Ta ce Allah ya halicci itacen, amma ba shi ya ce in haɗa fari da baƙi a teburi ɗaya ba. A kan teburin nan take cin abinci har gobe.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma har yanzu da Auta take kirana, ko a gaban jikokina. Babanmu direban babbar mota ne, bai cika kwana a gida ba, Inna kuma tana da rumfar yadi a kasuwa, sai ya zamana Yaya ce hukumar gidan. Kafin mu fita makaranta sai ta jera mu a bakin famfo ta duba kunne da farce da bayan wuya. Idan ta sami datti, ka shiga uku. Idan ba ta samu ba, sai ta ce yau dai ka tsira. Inna takan ce wannan yarinya ko wata aka sauko mata da shi sai ta ce da tabo a jikinsa, Yaya kuma ta ce ai da tabon.

A ƙarshen layinmu akwai makarantar firamare ta Katolika, wadda kowa ke kira makarantar Sistoci. Ƙofarta ta ƙarfe ce mai shuɗin fenti, azuzuwa jere biyu suna kallon juna, ɗan ƙaramin coci a kusurwa, da wata ƙatuwar bishiya a tsakiya inda ake taron safe. A jikin bangon da ke fuskantar titi an rubuta kalmomi uku da manyan baƙaƙe: Gaskiya, Ƙauna, Hidima. Makarantar ba ta tambayar yaro inda iyayensa ke ibada kafin ta ba shi benci. 'Ya'yan Kirista da na Musulmi tare muke zama, tare muke share fili, tare muke makara. A can Yaya ta yi karatu, daga can ta wuce kwalejin horar da malamai, ta kuma dawo can ta koyar har ƙarshen aikinta. Ba ta daɗe da fara koyarwa ba yara suka raɗa mata Malama Reza, saboda kaifin harshenta. Ta san da sunan, ina jin ma daɗi yake yi mata.

Shugabar makarantar wata 'yar tsohuwa ce gajera, mai farin lulluɓi da tabarau mai kauri, ana ce mata Sista Babba. Ita ta koyar da Yaya, ita kuma ta ɗauke ta aiki daga baya. Idan sabon malami ya zo, ba ta cika shi da dogon wa'azi. Takan kai shi bakin taga ta nuna masa yara suna guje-guje, ta ce kowane ɗaya daga cikinsu Allah ne ya yi shi da hannunsa, Allah kuwa ba ya aikin ha'inci. Saboda haka idan malami ya shekara da yaro bai ga wani alheri a jikinsa ba, to malamin za a kai asibitin ido. Kalmomin bango kuma, in ji ta, duk mai fenti zai iya rubuta su. Aikin makaranta shi ne ta sauko da su daga bango ta shigar da su aji.

Daga wannan ra'ayi nata aka sami Ranar Faɗin Alheri. A ranar ƙarshe ta shekarar karatu, kafin a raba sakamako, ana fito da bencuna ƙarƙashin bishiya, iyaye su zauna, kowane malamin aji ya miƙe ya kira ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi alheri guda game da kowane yaro a gaban jama'a. Da jin haka sai ka ce abu ne mai sauƙi, amma Sista ta gindaya sharuɗɗa. Ba a maganar maki ko wanda ya zo na ɗaya, wannan takardar sakamako ta riga ta faɗa. Dole abin ya zama gaskiya, malamin ya gani da idonsa, kuma abin da ka faɗa a kan wannan yaro ba za ka maimaita shi a kan wancan ba. Ita kuma tana zaune a gaba a kujerarta. Idan ta ji yabon ya yi kama da na share hawaye, sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Yaushe? A ina?"

Tambayar nan ta zubar da gumin malamai da yawa. Na tuna wani sabon malami da ya miƙe ya ce wata yarinya akwai natsuwa, duk shekara bai taɓa jin hayaniyarta ba. Sista ta ɗaga yatsa, aka bi diddigi, ashe barci yarinyar ke yi a bencin baya tun daga zangon farko. Uwarta ce ma ta fara fashewa da dariya.

Za ka ɗauka ranar nan ita ce ranar wahalar Yaya, tunda an ce mai reza a baki ta yi yabo. Abin mamaki, babu wanda ya kai ta iyawa. Idon da ke samo datti a bayan wuya, shi ne dai ke ganin yaron da ya karya fensirinsa biyu ya miƙa wa na kusa da shi, bai ko waiga ya ga ko ana kallonsa ba. Ita ce ta lura da wanda bai taɓa dariya ba idan wani ya ba da amsar shirme. Ita ta ga yarinyar da kullum take rage sauri a hanya saboda wata mai ɗingishi. Takan tara irin waɗannan a kanta duk shekara, ba ta gaya wa kowa, sai ranar ta zo ta fito da su a taƙaice, fuska a murtuke, kamar mai yanke hukunci. Iyaye kuwa har rige-rigen sa 'ya'yansu a ajinta suke yi. Na san wani babban mutum, yanzu har da tumbi da mota, da ya tsaya a shagona ya maimaita mini kalma da kalma abin da Malama Reza ta faɗa a kansa yana aji biyar.

Mijinta tela ne, mutum mai sanyin hali da son ba'a, wanda Allah ya yi shi musamman don ya iya zama da Yaya. Yakan ce da za ta yarda, da shi ma ya ɗinka gajeren wando ya shiga ajinta na shekara guda, ko ya ji alherinsa sau ɗaya kafin ya mutu. Ita kuma takan tuna masa cewa sharaɗin Sista shi ne sai an gani da ido.

Yanzu Yaya ta yi ritaya, tana gida tana duba kunnuwan jikoki. Idan aka tambaye ta shekarar da ta fi ba ta wuya a aikin, ba ta dogon tunani, takan ce shekarar Guguwa.

Guguwa yarinya ce siririya, gwiwoyi duk tabo, ba ta wuce sha ɗaya ba a lokacin. An sallamo ta daga wata makaranta, sai ubanta, wani mai facin taya a bakin babban titi, ya riƙo hannunta ya zo ya durƙusa wa Sista. Malamai suka ce a yi hattara. Sista ta ce yaron da kowa ke so ai ba ya rasa wurin zuwa, makarantar nan saboda sauran aka gina ta. Ta tura ta aji biyar, wurin Yaya. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta, kuma ba a yi sati ba kowa ya gane dalilin sunan yarinyar.

Ni na fi kowa sanin aikinta, don ni ke gyaran katakon makarantar. Bencin da ya yi shekaru yara na zama a kai lafiya, Guguwa ta mai da shi doki, ƙafa biyu suka tafi. Ta hau taga ta sauko da marfinta. Ta ɗaure igiyoyin takalman yara biyu a haɗe, ta saka ƙadangare a aljihun teburin malamai, ta yi dambe da maza uku a fili ta kuma yi nasara. Littafinta kamar an ƙwato shi daga bakin kare. Idan aka tambaye ta lissafi sai ta ba da amsa da ƙarfi da cikakken tabbaci, amsar kuwa ko maƙwabtaka ba ta yi da tambayar ba. Yaya ta sa ta tsayuwa a bayan aji, ta sa ta shara, ta hana ta fita wasa, ta yi mata faɗan da ko ni da gemuna sai na yi ƙwalla. Yarinya ko a jikinta.

Abin da ya fi ƙona wa Yaya rai shi ne gaisuwar safe. Duk irin wankin babban bargon da aka yi mata jiya, washegari Guguwa ce za ta fara tarar ta a bakin ƙofa, haƙora a waje, tana cewa, "Malama ina kwana, an tashi lafiya, kawo jakar." Yaya takan ce mini wannan ai tsabar rashin kunya ce, yarinyar tana nuna mata ne cewa faɗanta bai je ko'ina ba. Takan riƙe jakarta gam ta wuce.

Da zangon ƙarshe ya raba tsakiya, Yaya ta riga ta samo abin faɗa a kan kowa a ajinta, saura Guguwa. Ta je ofis ta sami Sista, ta ce ita dai ta duba iyakar dubawa, ko za a yi mata uzuri a kan yarinya ɗaya. Sista ta cire tabarau ta goge da gefen lulluɓinta, ta ce, "'Yata, idan kin tsallake ta, kin gaya wa duniya Allah ya yi kuskure sau ɗaya. Idan kuma kin yi mata ƙarya, ita za ta fara ganewa, don yara irinta sun fi kowa jin warin ƙarya. Koma ki ƙara dubawa." Yaya ta fito ta cika ta batse.

Daga ranar gidanta ya zama majalisar neman alherin Guguwa. Da yamma idan na rufe shago nakan biya, in tarar da ita a baranda ta yi tagumi, mijinta yana gefe yana ɗinka maɓalli yana ba da shawara. Ya ce a ce yarinyar akwai ƙarfi. Yaya ta ce ai jaki ma yana da shi. Ya ce to a ce muryarta tana kai nesa. Na sa baki na ce ni dai a ce ta samar wa kafinta aikin yi duk shekara, wannan kuwa na gani da idona, na kuma san yaushe da a ina. Yaya ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya sawwaƙe mata zama da marasa aikin yi.

Sai ta shiga ɗana wa yarinyar tarkon alheri. Ta yar da alli da gangan kusa da ƙafarta don ta ga ko za ta ɗauka ta miƙo. Guguwa ta ɗauka, amma a bangon bayan aji aka sami allin ya yi aiki, an zana wata mata rungume da jaka, harshenta har ƙasa. Zanen bai yi kyau ba, balle a ce ko zane ta iya, sai dai kowa ya gane ko wace ce. Yaya ta zaunar da ita kusa da wani yaro mai yawan jin kunya, ko za ta ja shi a jiki. Ba a jima ba yaron ya koyi yin fito da yatsu biyu a baki, uwarsa ta kawo ƙara.

Da dabara ta ƙare, Yaya ta ɗauki jaka wata Asabar ta tafi rumfar mai faci, ni kuma ta ja ni rakiya. Rumfa ce ta kwano, tsofaffin tayoyi jibge a gefe, da bahon baƙin ruwa inda yake tsoma robar cikin taya yana neman huji. Yana hango mu ya saki abin da ke hannunsa, ya goge tafi a wando, kafin mu gaisa ya ce, "Malama, me ta fasa kuma?" Yaya ta ce ba ƙara ta kawo ba, tambaya ta zo yi: wane halin kirki ya sani a wurin 'yarsa? Mutumin ya sosa ƙeya, ya kalli tayoyin kamar amsar tana cikinsu. A bayyane yake yana son yarinyar nan kamar ransa, amma an daɗe ana kawo masa ƙararta har ya manta yadda ake kallonta ta wani gefen. Daga ƙarshe ya ce shi ya ji labarin ranar da ake yi a makarantar, kuma ya yanke ba zai zo ba, don ba zai iya zama cikin iyaye a zo kan 'yarsa a yi shiru ba.

Yaya ta ce masa zai zo, zai sa rigarsa mai kyau, kuma ba za a yi shiru ba. Ta faɗi haka da muryar da take ce mana mu wanke kunne, mutumin ya ce to. Sai da muka yi nisa na tambaye ta ko ta samo abin faɗa ne. Ta ce, Auta, ka rufe mini baki.

A makon ne kuma yarinyar da kanta ta ƙara mata nauyi. An tashi, yara sun watse, Yaya tana goge allo, sai Guguwa ta leƙo ta taga ta ce, "Malama, ranar nan ki tsallake ni kawai, kada ki wahalar da kanki. Ni na san babu." Tana murmushi ta faɗa, ta dire ta ruga. Yaya ta zo shagona ta zauna a kan wani benci da ban gama ba, ko aibun bencin ba ta nema ba. Ban taɓa tausaya wa yayata kamar ranar ba. Da ta buɗe baki, cewa ta yi yarinya ƙarama ta riga ta yanke wa kanta hukunci, kuma ita ce ta yi shekara tana taya ta.

Ana cikin haka aka fasa randar ajin. Akwai randar ruwan sha a bakin ƙofar kowane aji, ta aji biyar kuwa Yaya ce ta kawo ta daga gida, tana ji da ita. Ta dawo daga ofis lokacin hutun cin abinci ta tarar da ita a tarwatse, ruwa ya malale baranda, Guguwa kuma tana tsaye a kai ita kaɗai tana ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki. Gajiya da takaicin makonni suka taso wa Yaya gaba ɗaya. Yarinyar ta buɗe baki za ta yi magana, Yaya ta daka mata tsawa. A gaban duk ajin ta ce mata ta yi shekara tana neman alheri ɗaya a jikinta ta rasa, sannan ta sa ta kwashe ɓaraguzan ta share filin taro kaf, rana tana dukanta.

Bayan an tashi, mai gadi ya tare Yaya a ƙofa yana yi mata jajen randa. Ya ce akuyar Fada ce, wato limamin cocin. Ta tsinke igiya ta shigo neman ruwa, ta ɗora ƙafafu a bakin randar ta kifar da ita, ta zame a ruwan ta faɗi, ta tashi ta arce. Shi kuma ya bi ta don ya kamo, shi ya sa bai zo ya faɗa da wuri ba. Yarinyar ba ta taɓa randar ba, dariyar faɗuwar akuya take yi.

Yaya mutum ce mai riƙo. Idan ka ɓata mata, sai ka yi wata kana gaishe ta tana amsa maka da hanci. Saboda haka ta auna yarinyar da mudun kanta, ta ce shi ke nan, gobe ko kallonta Guguwa ba za ta yi ba, wataƙila ma ba za ta sake taka makarantar ba. Mijinta ya ce ranar ko abinci ba ta ci ba, kuma da ya gwada ba'a, kallo ɗaya ta yi masa ya haɗiye sauran.

Washegari ina bakin ƙofar makaranta da jakar kayan aikina, na zo gyaran wata taga, Yaya ta ɓullo tana tafiya kamar wadda za a kai kotu. Sai ga Guguwa ta taho a guje, haƙora a waje. "Malama ina kwana, an tashi lafiya, kawo jakar."

Yaya ta tsaya cak. Bayar da haƙuri ba sana'arta ba ce. Ta ce, "Jiya na zalunce ki. Akuyar Fada ce ta fasa randa, ni kuma na ƙi sauraronki, na faɗa miki maganar da bai kamata ba. Ki yafe mini."

Yarinyar ta ɗan karkata kai tana tunani. "Na jiya? Ai tun kafin in kai gida ya wuce, Malama. Ni ba na iya riƙe abu, nauyi yake yi mini." Sai dariya ta ƙwace mata, ta ce da Malama ta ga yadda akuyar ta zame, da ita ma ta dara. Yaya ta dube ta, ta sake dubanta, sannan ta miƙa mata jakar. Yarinyar ta ɗora a ka ta yi gaba tana rangaji.

Wani zai ce shi ke nan an samu, amma ba Yaya ba. A wurinta abu ba ya zama hali sai ta bi shi ta tabbatar. Sauran kwanakin ta yi su tana bincike kamar ɗan sanda. Ta kira yaran da suka yi dambe da Guguwa ta tambaye su wa ke fara yi wa wani magana washegari. Ta tambayi mai gadi, wanda ya sha korar yarinyar daga kan katanga da sanda, yadda suke wayar gari da ita. Ta zauna ta tuno safiya bayan safiya tun farkon shekara. Ni da mijinta muka yi ta lallaɓa ta ta gaya mana abin da ta shirya, ta ce mu zo mu ji tare da jama'a.

Ranar ta zo. Bencuna sun cika ƙarƙashin bishiya, iyaye mata suna fifita da gefen mayafi, Fada ya buɗe taro da addu'a, akuyarsa kuwa an ɗaure ta da igiya biyu. Sista Babba tana kujerarta a gaba. Can baya, dab da ƙofa, na hango mai faci cikin riga da ta sha guga, a tsaye, ya zaɓi wurin da zai iya sulalewa ba a gani ba. Aka yi aji ɗaya, aka yi biyu, har aka zo biyar. Yaya ta miƙe ta shiga kiran yaranta tana ba kowa nasa, Sista ba ta ɗaga yatsa ko sau ɗaya ba. Da ta kira Guguwa sai wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa ta ratsa bencunan yara, wasu iyayen ma suna taɓa juna, don labarinta ya riga ya shiga gidaje. Yarinyar ta fito da murmushin nan nata, amma na lura hannayenta sun damƙe gefen siket.

Yaya ta jira aka yi tsit. Ta ce, "Wannan yarinya ba ta kwana da fushin kowa. Babu wanda na hukunta kamarta a ajin nan, amma babu safiyar da ba ita ta fara gaishe ni da fara'a ba. Na ɗauka rashin kunya ne. Ashe yafiya ce, ni ce ban san kamanninta ba."

Sista ta ɗaga yatsa. Ina jin ta san amsar, so take jama'a su ji. "Yaushe? A ina?"

Yaya ba ta ɓoye komai ba. Ta ba da labarin randa da akuya, da maganar da ta faɗa wa yarinyar a gaban aji, da abin da ya faru a bakin ƙofa washegari. Aka yi dariya a wurin akuya, Fada ya rufe fuska da tafi, amma da ta zo ƙarshe babu mai dariya. Ta ce ita da girmanta, da zuwanta coci duk Lahadi tana roƙon gafara, har yau ba ta iya abin da yarinyar nan ke yi kowace safiya kafin a kaɗa ƙararrawa ba. Sista ta sauke yatsanta a hankali ta gyaɗa kai, aka yi tafi mai tsawo. Guguwa ba ta koma wurinta ba sai da wata 'yar ajinsu ta jawo ta, ta zauna shiru, abin da ajin bai taɓa gani ba.

Da aka tashi, ina kwashe bencuna kusa da inda Yaya ke tsaye, yarinyar ta matso a hankali. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malama, gaskiya ne, ko don kada in ji kunya kika faɗa?"

Yaya ta kalle ta da fuskar nan tata ta kullum. "Tun da kika shigo ajina, kin taɓa jin na faɗi wata magana don in faranta wa wani rai?"

Yarinyar ta yi tunani sosai, sannan ta ce a'a.

"To."

An yi shekara ana hukunta yarinyar nan ba a ga hawayenta ba, sai ga su suna zuba tana dariya a lokaci guda. Ta juya ta ruga ta tsakiyar jama'a, ta tsallake benci biyu, tana kiran babanta ya zo ya ji abin da Malama ta ce. Mai faci yana nan inda yake a bakin ƙofa, bai sulale ba, ya kuma ji komai da kunnensa. Amma ya sa gwiwa a ƙasa a gabanta, ya riƙe hannayenta biyu, ya ce shi yana nesa bai ji da kyau ba, ta faɗa masa tun daga farko.